Ranar da aka naɗa Gill, aka dawo da Karun, aka bar Sarfaraz

Asabar, 24 ga Mayu, 2025. Bengaluru.

Da hadari garin ya waye. Tun makon jiya ruwa bai bar mu mun sarara ba, layinmu duk ya caɓe, kayan da na shanya tun Alhamis har yanzu da danshi. Na dawo daga sallar asuba da niyyar in ɗan ƙara runtsawa, sai na tarar da abokin ɗakina zaune a bakin gado, waya a hannu, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ɗan Mumbai ne. Yau hukumar kurket ta Indiya, BCCI, za ta fitar da sunayen waɗanda za su je Ingila buga wasanni biyar na Tes, wato wasan nan da ake yini biyar ana fafatawa cikin fararen kaya. Yau kuma za a san sabon kyaftin.

Shekarata ta uku ke nan a garin nan ina karatun harhaɗa magunguna, kuma kurket ya shiga raina sosai. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba da wuya ya gane yadda watan nan ya girgiza mutane. Ranar 7 ga wata Rohit Sharma, wanda shi ne kyaftin, ya ce ya bar Tes. Ba a gama jimamin wannan ba, ranar 12 Virat Kohli ya bi sahu, bayan wasa 123 da maki 9,230. Ravichandran Ashwin, gwanin jifa, kuwa tun Disamba ya ajiye, ana tsakiyar rangadin Ostareliya. Ginshiƙai uku cikin wata shida. Asabar ɗin da ta wuce dubban mutane suka cika Chinnaswamy, filin kurket na garin nan, sanye da fararen riguna masu lamba 18, lambar Kohli, don girmama shi, ruwa ya sauko, ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba.

Da safe na je ɗakin karatu, na yi awa uku a kan babin magungunan hawan jini. Bayan azahar na nufi shagon shayin da ke bakin layinmu, inda akwai ƙaramar talabijin rataye saman firji. Na samu wuri ya cika. Mai gidan da muke haya, dattijon da kowa ke kira Ankul, ya riga ya kama kujerarsa ta kullum, ga gahawarsa a ƙaramin kofin silba yana juye ta daga wannan mazubi zuwa wancan don ta huce. Na sa aka soya mini dosa, wadda kullum take tuna mini da sinasir ɗin gida.

Ajit Agarkar, shugaban kwamitin zaɓen 'yan wasa, ya zauna gaban 'yan jarida a Mumbai aka karanto sunayen. Shubman Gill kyaftin, Rishabh Pant mataimaki. Wani yaro ɗan Punjab da ke karatun injiniya ya daka tsalle har ya kusa kifar da shayin mutane, don Gill ɗan jiharsu ne. Sauran shagon kuwa ya kaure da musu.

Mafi yawansu Jasprit Bumrah, gwanin jifa, suke so, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Shi ya ja ragamar ƙungiyar a Perth a watan Nuwamba lokacin da Rohit ba ya nan, aka lallasa Ostareliya da tazarar maki 295. A rangadin gaba ɗaya masu bugu 32 ya fitar da jifarsa shi kaɗai. Mai shayi ya ce in ba don Bumrah ba da kashin da aka sha ya fi 3 da 1 muni. To amma kowa a shagon ya ga abin da ya faru a Sydney, inda bayansa ya riƙe ana tsakiyar wasa, aka wuce da shi asibiti. Agarkar ma ya faɗa a fili cewa ba a sa ran zai buga duka wasanni biyar ɗin. Ni a nan na tsaya. Ina son Bumrah ƙwarai, amma shugaban da yau yana fili gobe yana hutun jinya ba zai iya gina sabuwar ƙungiya ba. Gara a bar shi da jifarsa, ita ce ba mai iya yi sai shi.

Ankul ya ce a ganinsa da KL Rahul aka ba riƙo na shekara ɗaya ko biyu, yaron ya ƙara nuna. Ya lissafo da yatsu: Gill shekararsa 25, ya buga Tes 32, matsakaicin makinsa 35 da ɗan ɗoriya. A wajen Asiya bai taɓa cin maki ɗari a bugu ɗaya ba, mafi yawan abin da ya samu shi ne 91 ɗin nan na Brisbane a 2021. A Ingila wasa uku ya buga, bai taɓa kai 30 ba. Sannan ya buga tebur ya ce, wata biyar kacal da suka wuce an ajiye shi a benci a Melbourne, yau kuma shi zai riƙa ajiye wasu?

Ɗan Punjab bai yi shiru ba. Ya ce Graeme Smith yana da shekara 22 Afirka ta Kudu ta ba shi kyaftin a 2003, ya je Ingilar nan ya ci 277 da 259. Ya ce a duba yadda Gill yake tafiyar da ƙungiyar Gujarat Titans a IPL ta bana, gasar nan ta gajerun wasanni, ba hayaniya, ba ruɗewa. Ankul ya ce wasan awa uku daban, na yini biyar daban. A wannan kam gaskiyar dattijon ce. Duk da haka na fi karkata ga naɗin Gill, ko don shekarunsa. Rabon Indiya da ta ci jerin wasannin Tes a Ingila tun 2007, zamanin Rahul Dravid. Manyan da suka je bayan nan duk ba su ciyo ba, don haka ban ga dalilin da za a ce sai an jira yaro ya yi furfura ba.

Sai dai ba maganar kyaftin ce ta tsaya mini a rai ba. Sunaye biyu ne, ɗaya da aka kira, ɗaya da ba a kira ba.

Da aka ambaci Karun Nair, Ankul bai ce komai ba. Ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake cirewa. Karun a garin nan ya tashi, Karnataka ya buga wa shekaru. A Disambar 2016 a Chennai ya ci 303 a kan Ingila ba a fitar da shi ba, kuma kafin shi Virender Sehwag ne kaɗai Ba'indiyen da ya taɓa cin ɗari uku a Tes. Wasan da ya biyo baya aka ajiye shi saboda Ajinkya Rahane ya warke. Tes shida gaba ɗaya ya buga, na ƙarshe a Maris 2017. A 2018 aka tafi da shi Ingila, ya yi ta kai wa mutane ruwa har rangadi ya ƙare, aka ma kira Hanuma Vihari daga baya aka sa shi a gabansa. Daga ƙarshe jiharsa ma ta daina ɗaukarsa. A Disambar 2022 ya rubuta a Twitter yana roƙon kurket ya ƙara ba shi dama ko sau ɗaya ne. Ya koma ƙungiyar Vidarbha, ya je ya buga wa Northamptonshire a Ingila, ya dawo. A kakar da ta wuce ya ci maki 863 a Ranji, babbar gasar cikin gida ta Indiya, har da ɗari a wasan ƙarshe da Kerala, Vidarbha ta ɗauki kofi.

Na ce, "Ankul, yau dai ranarka ce." Ya dafa hannuna ya ce shekara takwas yana faɗa wa mutane yaron nan bai ƙare ba, ana yi masa kallon tsohon da ya rikice. Ya biya kuɗin shayin duk wanda ke teburinmu. Ni kaina sai da na ji ƙwalla ta taho mini. Mutum yana shekara 33, sa'o'insa sun fara maganar ajiye sanda, shi kuma yanzu ake buɗe masa ƙofar da aka rufe tun yana 25.

Abokin ɗakina kuwa yana tsaye jikin ƙofa. An gama karanta sunaye 18, babu Sarfaraz Khan, babu Shreyas Iyer, duka 'yan Mumbai. Ya ajiye shayinsa ko rabi bai sha ba, ya fita.

Na Shreyas ina iya fahimta, ko da yake shi ya fi kowa ci wa Indiya maki a gasar Champions Trophy da aka ɗauka a Dubai cikin Maris. Wancan wasan yini ɗaya ne da farar ƙwallo, kuma Agarkar ya ce a yanzu babu gurbi. Rashin Mohammed Shami ma maganar lafiyar jiki ce. Amma na Sarfaraz ya ƙona mini rai, don da idona na ga abin da ya yi.

Ranar Asabar 19 ga Oktoban bara ina cikin Chinnaswamy, rana ta huɗu ta wasa da Niyu Zilan. Kwana biyu kafin nan an tattara Indiya gaba ɗaya a maki 46, abin kunyar da ba a taɓa gani a gida ba. Sarfaraz ya tsaya. Gajere ne kakkaura, ba shi da tsayuwar nan mai kyan hoto irin ta Gill, amma yakan jira ƙwallo har sai ta kusa wuce shi, sannan ya ɗan karkata sanda ya tura ta baya, inda ba kowa. Masu jifar Niyu Zilan suka rasa inda za su sa mutanensu. Akwai lokacin da Pant ya taho zai ƙara gudu na biyu bai ga haɗarin ba, Sarfaraz ya tsaya tsakiyar fili yana tsalle yana ɗaga hannuwa yana ihu har Pant ya koma. Filin gaba ɗaya ya ɗauka. Da ya cika ɗari ya ruga da gudu, hula a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. A 150 aka fitar da shi, Pant kuma a 99.

Na san abin da za a ce. A bugu huɗun da suka biyo maki 21 kacal ya haɗa, kuma Niyu Zilan ta share Indiya 3 da nema. To amma wa ya tsira a sauran wasanni biyun, na Pune da Mumbai? Rohit da Kohli ma ba su yi abin kirki ba. Aka tafi da shi Ostareliya, wasa biyar, ko ɗaya ba a sa shi ba. Yanzu an ce ba ya cikin tafiya. Da me aka auna shi tun daga Nuwamba zuwa yau? Yaron da ya yi shekaru yana tara maki a Ranji kafin a waiwaye shi, wanda ranar da Anil Kumble ya miƙa masa hular ƙasa a Rajkot mahaifinsa ya karɓe ta ya sumbata yana kuka. Abin da ya fi damuna shi ne, irin abin da aka yi wa Karun a 2018 shi ake maimaitawa a kan Sarfaraz, kuma a rana guda da ake murnar gyara na farkon.

Bayan la'asar na kira gida. Umma ta tambayi ko zan samu zuwa Babbar Sallah, saura mako biyu. Na ce, "Umma, jarrabawa ba za ta bari ba, sai dai a ajiye mini soyayyen nama." Ta yi mini addu'a ta miƙa wa ƙanena waya. Shi ƙwallon ƙafa ya sani, amma tun da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da maki biyu a Maleshiya cikin Janairu ya fara tambayata dokokin wasan. Ya ce, "Yaya, shi kyaftin ɗin ba igiya kawai yake ɗaurawa a hannu ba?" Na yi masa bayani cewa a kurket kyaftin ne ke cewa wane zai yi jifa, shi ke tsara inda kowa zai tsaya, shi ke yanke a fara bugu ko a fara jifa, shi ke cewa makin ya isa a dakata. Koci yana can a zaune, ba ya shiga. Ya ce ashe aikin babba ne.

Da dare aka buga IPL a Jaipur, Punjab Kings da Delhi Capitals, kuma abin ya zo daidai: Shreyas ne kyaftin ɗin Punjab, Karun yana Delhi. Muka kalla a falon Ankul, matarsa ta kawo mana gyaɗa soyayya da yaji. Shreyas ya haura hamsin, abokin ɗakina ya ce to ga amsa nan. Karun ya fito ya ci 44 cikin sauri, Ankul yana tafi shi kaɗai. Delhi ta yi nasara. Ba wanda ya sake tayar da musun rana.

Mun hau sama wajen sha biyu saura. Labarai sun ce damina ta sauka a Kerala yau, da wuri fiye da yadda aka saba, don haka kayan shanyata na kwaso su na rataye a ɗaki. Wasan farko ranar 20 ga Yuni ne a Leeds, zai fara ƙarfe uku da rabi na yamma agogon nan, kuma na duba jadawalina, na gama jarrabawa kafin lokacin. Abokin ɗakina bai kula da wannan ranar ba. Ya ɗauki biro ya je jikin kalandar da ke bayan ƙofa ya zagaye 30 ga Mayu, ranar da ƙungiyar Indiya ta biyu za ta kara da takwararta ta Ingila a Canterbury. Sarfaraz yana cikin wannan tawagar. Ya ce in tashe shi idan na tashi asuba, yana da aikin da yake so ya gama kafin ranar.