Abin da sana'ar tura fim ta nuna mini game da fina-finan ɗaukar fansa

Mai tura fim a memori yana ganin abin da mai kallo ba ya gani, domin dole ne ya duba kaya kafin ya sayar. Ni sana'ata ke nan, haɗe da cajin waya, a wani ƙauye da ke yankin Gumel, ranar Alhamis kuma in ɗauki kwamfutata zuwa kasuwar Maigatari. Yawancin masu zuwa fassarar Indiya suke so, ko fim ɗin Hausa mai dogon zango, ko wa'azi. Amma akwai samarin da sai sun matso kusa su rage murya su ce, "Yaya, akwai mai zafi?" Abin da suke nufi fina-finan ban tsoro na Turawa, musamman waɗanda ake wulaƙanta mace, daga baya ta dawo ta bi mazan ɗaya bayan ɗaya.

A kwamfuta akwai layin nan na ƙasa da ke nuna inda fim ya kai. Shi ya fara koya mini darasi. Idan ka ja shi, za ka ga yadda aka raba lokaci: cin zarafin yarinyar ne ke cinye wuri mai tsawo, kyamara ta tsaya cak a kan fuskarta da jikinta, ba gaggawa. Fim ɗin da ya shahara da wannan salo, I Spit on Your Grave, ya fito a Amurka a 1978, kuma wurin fyaɗen da ke cikinsa ya kusa rabin awa. A Ingila yana cikin fina-finan da suka tayar da ƙura har aka kafa dokar tace kaset ɗin bidiyo a 1984. Duk da haka an sake shirya shi a 2010, aka yi na biyu a 2013, na uku a 2015. A na biyun ma ba yarinyar farko ba ce. Wata sabuwa aka samo, aka sace ta daga Amurka zuwa Bulgeriya, don kawai a sake maimaita wulaƙancin daga farko. Da labarin wadda aka zalunta ne ya dame su, da tun a na biyun sun nuna mana yadda ta rayu bayan abin, yadda ta yi barci, yadda ta koma cikin mutane. A ganina wahalarta ita ce hajar da suke sayarwa, ramuwar ƙarshe kuma ita ce ke ba mai kallo damar cewa ai adalci ya kalla.

Dalilin yawan kashi na biyu da na uku ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan fim ba ya cin kuɗi: ɗaki ɗaya, 'yan wasa kaɗan waɗanda ba a sani ba, sai jinin ƙarya. Fim ɗin ban tsoro mai suna Saw, wanda ya fito a 2004, an shirya shi da dala miliyan ɗaya da 'yan kai, ya dawo da sama da miliyan 100, daga nan kowace shekara sai sabo ya fito har 2010. Wanda ya ga na farko kuwa idonsa ya riga ya saba, don haka dole na biyu ya fi shi muni. Kamar mai cin yaji ne, abin da ya sa shi hawaye bara, bana ko jinsa ba ya yi. Na ga hakan a bakin tebur ɗina. Yaron da ya kawar da kai a karon farko shi ne zai dawo yana cewa wancan ba komai ba ne, a ba shi na gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda memorin yake zuwa bayan ya bar hannuna. A ƙauye waya ɗaya ta gida ce gaba ɗaya. Saurayi ya tafi gona ya bar ta, ƙannensa mata su ɗauka, da dare yara su taru a dandali kai goma a kan allo ɗaya, kafin gari ya waye an tura wa wasu ta Xender. Ba a fassara yawancin waɗannan fina-finai ba, to yaran ba sa jin ko kalma ɗaya, hoton kawai suke sha. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, akwai ta tarayya ma, amma babu hukumar da za ta iya bin memori daga aljihu zuwa aljihu.

Sannan mu ramuwa ba abin wasa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a karkarar Jigawa ya san yadda zuciya take tashi lokacin kaka idan shanu suka shiga gona, da yadda dagatai da ardo-ardo suke shan wahala kafin a kwantar da ita. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma addini ya sa mata iyaka: kwatankwacin abin da aka yi maka, ta hannun alƙali, yafiya kuma ta fi lada. A waɗannan fina-finai babu alƙali, babu dattijo, babu dangin da za su tsaya wa yarinyar. Wuƙa ce kaɗai.

Wani saurayi ya taɓa yi mini musu. Ya ce, "Haba Yaya, ai ta rama, darasi ne ga masu fyaɗe." Na ce, "Ƙanena, to me ya sa wurin da ake cutar ta kake mayarwa baya, ba wurin ramuwar ba?" Ya daɗe bai ce komai ba, daga ƙarshe ya karɓi fim ɗin Cana ya tafi.

Ba na ajiye irinsu a kwamfutata. Na san akwai masu tura su a cikin kasuwar, kuma wasu samarin sun koma can da cajinsu da komai. Ko fim ɗin faɗa na yau da kullum aka nema, sai na tambayi wayar ta waye, da su wa ake kallo a gida, sannan in jona memorin.