Wurin da wuƙa za ta ci

Katin gayyatar auren ƙanwata shi ne aiki na farko da na kai madaba'a da kaina. Kwana uku na yi a gaban kwamfuta ina haɗa shi. Girman A6 ne, milimita 105 a faɗi, 148 a tsawo, kore shar, na zagaye shi da zanen da na kwaikwayo daga bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram. Zanen nan daf da baki na kai shi, don ina so kowa ya gani ya san daga Damagaram katin ya fito.

Da aka yanke guda 300 na ɗauko na duba, sai gabana ya faɗi. Wasu da farin layi siriri kamar zare a gefe. Wasu zanen ya yi kauri a dama, ya sirance a hagu. Akwai ma waɗanda wuƙa ta taɓa lambar wayar da ke ƙasa.

Dattijon da ke kan masiko, wato injin yanka takarda, ya ce in matso. Ya jera tulin takardu, ya danne, wuƙa ta sauko.

"Ɗana, ka gani? Ba ɗaya-ɗaya nake yankawa ba. Takarda tana gocewa, ko da milimita guda ne. Kai kuma ba ka bar mini wurin da wuƙa za ta ci ba."

"To Baba, yaya ake yi?"

A nan na fara jin fon perdi, kamar yadda suke faɗa da Faransanci, wato rarar da ake bar wa wuƙa a baki. Launin bayan kati da duk hoton da ya kai baki sai an zarce da su milimita 3 ta kowane gefe, wato A6 ɗin nan in shirya shi 111 da 154. In wuƙa ta goce waje, kore za ta tarar, ba farar takarda ba. Rubutu kuwa ciki ake jan sa, kamar milimita 5 daga layin yanka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar zanena: duk layin da ya bi baki ya zagaye kati, shi ke fara tona gociyar wuƙa, don ido nan da nan yake gane gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Na koma gida na cire zagayen. Zanen Birni na shimfiɗa shi a sama kaɗai, ya ratsa har ya fita waje ta gefe biyu. Na fitar da PDF mai alamun yanka, hotuna a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), na kai a kile, wato USB, saboda farko ta WhatsApp na tura a matsayin hoto, shi kuma matse hoto yake yi.

Wannan karon guda ɗaya na roƙa a fara bugawa a yanka a gabana. Baba ya miƙo mini shi, ya sa ƙafa ya ture koren zaren takardar da ya zubo ƙasa, ya ce a saki sauran.