Haƙora biyu da suka kusa cinye mana fim

Har yanzu in aka yaba mini da sin ɗin rake, wato wata fitowa a fim ɗin barkwancin da muka yi, sai na ji raina ya sosu, domin ni na san abin da ya ci.

Labarin fim ɗin ba shi da wani sarƙaƙiya. Hajiya ma'aikaciyar banki ta ɗauko mai raino, budurwa 'yar shekara ashirin da 'yan kai wadda har yanzu hankalinta na kan wasan 'yar tsana da lasar madarar gwangwani. Yarinyar da aka ba ta raino kuwa shekararta bakwai, amma magana a bakinta sai ka ce kakar gidan. Duk dariyar a nan take: babba na shirme, ƙarama na yi mata faɗa. Ba mu so ya zama camama irin ta zamanin marigayi Ibro, ta guje-guje da ihu. Magana muka jingina da ita, kuma nauyin maganar yana wuyan yarinyar.

Mun same ta a wata Islamiyya, haddarta ce ta ja hankalina. Sau ɗaya za ka karanta mata layi ta riƙe. Akwai inda take kallon mai rainon sama da ƙasa ta ce, "Anti, sau nawa zan faɗa miki ba a shan shayi a tsaye?" Mai riƙe da sandar sauti sai da ya ajiye ta ya fita waje don dariya.

Kamar yadda kowa ke yi, mun tsara ɗauka bisa lokeshin, wato wurin ɗauka, ba bisa jerin labari ba. Gidan da muka ara a unguwar Nasarawa ta Kano aka fara da shi, don haka farkon fim da ƙarshensa duk sun shiga kamara tun makon farko. Tsakiyar, wato kasuwa da hanyar makaranta da wurin wasan yara, aka bari sai furodusa ya cika kuɗi. Azumi ya shigo, aka ce sai bayan Sallah.

Bayan Sallah mahaifiyarta ta kawo ta ofis a Zoo Road, yarinya ta ƙi buɗe baki. Na ce, "Ke, ba gaisuwa?" Uwar ta ce, "Malam, ai famfara ta yi." Haƙoran sama guda biyu na gaba, babu. Yara daga shekara shida suke fara zubar da haƙoran nono, kowa ya sani, ni ma ina da 'ya'ya. A cikinmu har da mai kula da kwantinuiti, wanda ke rubuta launin ɗankwali da gefen da aka ajiye kofi, ba wanda ya taɓa leƙa bakinta.

Wawulon ma da sauƙi a ɓoye shi da nisa da kamara. Muryar ce ta tafi. Duk inda "s" ko "ts" ta faɗo sai iska ta biyo, "tsaye" ta koma wani abu daban. Yarinyar da muka ɗauko don kaifin harshe ta dawo tana magana irin ta sa'anninta. Ga shi a waje ba ta yarda ta yi dariya, wai in ƙadangare ya ga gurbin haƙorin ba zai fito ba. Ita ce fa mai koya wa Anti hankali a fim.

Jira bai yiwu ba, sabon haƙori wata da watanni yake ɗauka kafin ya cika, kuma ya fi na da girma. Sai muka cusa abin cikin labari: mai raino ta saya mata rake a kasuwa, haƙori ya maƙale a jiki, ta rikice tana neman gam ta liƙa kafin Hajiya ta dawo. Shi ne sin ɗin da ake ta yankowa ana yawo da shi a TikTok.

Abin da masu yabo ba su sani ba, ƙarshen fim ɗin an riga an ɗauke shi da haƙora cif. Dole aka zubar da shi. Mai gidan da muka ara kuma ya dawo da iyalinsa, ya ce ya rufe wannan babin. Muka nemi wani falon, muka sake biyan 'yan wasa da hayar kamara da janareta, muka ƙago dalilin da ya sa Hajiya ta sauya kujeru. Kuɗin da aka ware na talla a nan ya ƙare, shi ya sa fim ɗin ya hau YouTube shiru ba ko fosta.

In jarumarka tana tsakanin shida da takwas, kwashe duk sin ɗinta a jere cikin hutun makaranta ɗaya, ko da za ka riƙa kai-komo tsakanin lokeshin, manya su jira. Ranar tantancewa kuma ka sa uwar ta taɓa haƙoran gaban a gabanka. Tamu yanzu na ƙasa na gefe ne ke girgiɗa, furodusa kuwa ya fara zancen kashi na biyu.