Tarihin Rayuwata, Kashi na Goma Sha Ɗaya: Tsohon Yashi

A makon jiya na tsaya ne a inda aka shigo da sabon tankin kiwon kifi, mutum huɗu suna riƙe da shi suna nishi, kuma na yi alkawarin cewa yau zan faɗi yadda ƙaurar kifayen zuwa cikinsa ta kasance. Amma kafin in kai can, dole in gyara wata magana da Yaya yake yawo da ita a cikin dangi shekara da shekaru, cewa wai kifayena sun mutu ne saboda kifin teku ba ya zama a ɗaki. Ba haka aka yi ba. Kifi ɗaya ne ya mutu a wannan ƙaura, kuma na san abin da ya kashe shi, domin da hannuna na zuba abin a cikin ruwan. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk da cewa a kan rigimar 'ya'yansa yake faɗin haka, ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a gaban tankin ruwan gishiri ba.

Tankina na farko lita 60 ne kacal, kuma wata goma sha huɗu na yi da shi. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: duwatsu masu rai (wato waɗanda ƙananan halittun teku ke manne a jikinsu) kusan kilo bakwai, yashi, jatan lande guda, dodon koɗi biyar, da kifaye biyu masu launin ruwan goro da fararen ratsi uku, waɗanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, mu kuma a gida muke ce musu Uwar Ɗaki da Bara, saboda babbar ita ce mace kuma ba ta raga wa ƙaramin. Masu fara kiwo da yawa suna zaton ƙaramin tanki ya fi sauƙi, ni ma haka na zata, alhali shi ne ya fi wahalar riƙewa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, wanda a ma'aunin gishiri yake nuna wajen 1.026, kuma idan ruwa ya ƙafe ya bi iska, gishirin ba ya binsa, a nan yake zama. Tankin nan yakan rasa kusan lita ɗaya a yini. Idan mutum ya yi sakaci na kwana biyar, ruwan ya koma lita 55, gishirin kuwa ya tashi daga 35 ya haura 38. Maganinsa shi ne a riƙa cike giɓin da tataccen ruwa marar gishiri kowace rana.

Wannan ne abin da na bar wa Yaya a rubuce lokacin da tafiya ta kama ni ta mako guda. Na cika masa jarka da tataccen ruwa, na manna takarda a jikinta. Shi kuwa da ya zo sai ya ga wata jarkar ta ruwan gishiri da na haɗa domin canjin ruwa, ya yanke hukunci da kansa cewa ƙanensa ne ya ruɗe, tun da hankali ba zai ɗauka a ba kifin teku ruwan da ba gishiri ba. Kwana bakwai yana ƙara gishiri a kan gishiri. Na dawo na tarar da jatan landen a mace, domin irinsu ba sa jure sauyin gishiri kamar yadda kifi yake jurewa. Da na yi magana, abin da ya ce mini shi ne: "Kai dai ka cika son wahala, dama abin teku ina shi ina ɗaki." Baba yana zaune a wajen, bai goyi bayan kowa ba, ya dubi gilashin ya ce ruwa ba ya tsami banza. Yaya ya ɗauka da ni yake, ni kuma har gobe na tabbata da shi yake.

Daga wannan rana na ƙudura cewa sai na koma babban tanki, domin yawan ruwa yana rage kaifin kuskure. Wanda na samu tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300, da wani tankin ƙasa na lita 80 da ke ɓoye a cikin kabad, inda hita da injin tsamo datti ta hanyar kumfa da famfon mayar da ruwa sama suke zama. Nauyi ne abin da ban yi tunaninsa ba sai da na zauna da biro. Gilashin kaɗai, mai kaurin milimita 10, ya kusa kilo 60. Ruwan gishiri lita 300 ya ɗan haura kilo 300, ga duwatsu, ga yashi, ga tankin ƙasa, jimla ta wuce kilo 400 a kan wuri ɗan kaɗan. Teburin da na yi niyyar ɗora shi a kai da ya ruguje tun kafin a cika rabi. Sai da aka yi masa mazauni na musamman, na kuma kwana biyu ina sa ma'aunin magina ina cusa 'yan katakai a ƙarƙashi, saboda tanki mai wannan girma idan ya karkata, nauyin yakan taru a kusurwa ɗaya har haɗin gilashin ya soma buɗewa. A wannan ɓangare ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ina so a rubuta mini shi.

Ruwa ma na shirya shi yadda ya kamata. Na tace shi da injin tacewa, na haɗa gishirin a manyan robobi, na bar famfo yana juya shi yini da kwana, na daidaita zafinsa a digiri 25 daidai da na tsohon tanki. Shirina na asali shi ne in cika sabon tankin, in sa sababbin duwatsu, in bar shi mako huɗu zuwa shida babu kifi. Dalili kuwa shi ne, kashin kifi da ragowar abin da bai ci ba suna rikiɗewa su zama amoniya, wadda guba ce, kuma gubarta tana ƙaruwa a ruwa irin na teku da ma'aunin tsaminsa, wato pH, yake wajen 8.2. Akwai bakteriya masu amfani da suke mayar da amoniya nitirayit, wasu kuma su mayar da nitirayit nitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa yana rage shi. Waɗannan bakteriya suna buƙatar makonni kafin su yawaita, kuma a jikin dutse da yashi suke zaune, ba a cikin ruwan kansa ba. Na san duk wannan. Na karanta shi, na ma yi wa uwargida bayaninsa har ta gaji da ji.

Abin da ya rushe shirin shi ne wurin ajiyewa. Sabon tankin dole ya zauna a jikin bangon da tsohon yake, domin nan ne kaɗai rana ba ta bugawa, kuma ba zai yiwu su zauna tare ba. Yaya, wanda shi ne ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka ɗauko shi, ya ce ba zai sake dawowa ɗaukar kaya ba, in za a yi a yi yau. Da na yi haƙuri da na matsar da ƙaramin zuwa wani lungu na wata guda, amma ina so ya ga kifayen suna iyo a cikin babban kafin ya tafi, in ga ko bakinsa zai mutu. Wannan shi ne gaskiyar magana, kuma na daɗe ban faɗe ta ba.

Ƙaura ta yini ɗaya tana yiwuwa, masu kiwo da yawa suna yin ta lafiya, muddin ba a ƙara kifi ba kuma an kula da tsofaffin duwatsu. Na kula da su. Na sa su a bokiti cike da tsohon ruwa don kada iska ta taɓa su, saboda soso da sauran ƙananan halittun da ke manne a jikinsu suna mutuwa idan suka sha iska, mutuwarsu kuma amoniya ce. Kifayen na sa su a wani bokitin da hita da ɗan famfo. Har nan komai daidai. Sai na zo kan yashi.

Yashin nan kaurinsa ya kai santimita bakwai, kuma wata goma sha huɗu ban taɓa motsa ƙasansa ba. Samansa fari ne tas, wannan ne ya yaudare ni. Na ce a raina ai nan ne gidan bakteriya, zubar da shi asara ce, sai na sa roba na soma kwasa. Ban yi nisa ba na ga launinsa ya koma toka-toka, can ƙasa kuma baƙi ƙirin, sannan wani wari ya taso kamar na baragurbi, har uwargida ta leƙo daga ɗaki tana tambayar abin da ya mutu. A ƙasan yashi mai kauri iska ba ta kaiwa, kuma akwai wasu bakteriyar da suke rayuwa a irin wannan wuri suna fitar da iskar haidurojin salfayid, wadda ita ce mai warin, guba ce kuma ga kifi. Ban da ita, duk dattin da ya nutse a tsawon watannin nan yana kwance a wurin. Abin da ya dace shi ne in ɗebi kofi ɗaya ko biyu daga saman a matsayin iri, sauran in zubar in sa sabo, ko in wanke shi sau da yawa har ruwan ya fita garau. Hancina ya faɗa mini haka. Na dubi Yaya yana duba agogo, na juye yashin gaba ɗaya a cikin sabon tanki.

Ruwan ya yi fari kamar an dama alli. Yaya ya tafi bai ga komai ba sai hazo, don haka ko burgar da na so in yi ban samu ba. Da dare ya soma washewa na saki kifayen. Washegari da yamma na ga Uwar Ɗaki a kusurwa kusa da saman ruwa tana numfashi da sauri, na ɗiga maganin gwajin amoniya a kwalba, ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya ya koma kore. Na canja lita 60 a daren, na sake canja 60 da safe, wanda shi ne iyakar ruwan da na haɗa, sabo kuwa ba a zuba shi nan take sai ya narke ya daidaita. A kwana na uku na tsamo ta da raga. Bara ya rayu, kuma har yau ina ganin yawan ruwan ne ya cece shi, domin da a lita 60 na tayar da wannan datti da babu wanda zai kai safe.

Baba bai ga babban tankin ba. Yana kwance a lokacin, kuma da na je gaishe shi na ba shi labari, ina shirin ɗora laifin a kan gaggawar Yaya, sai ya tambaye ni wa ya riƙe robar. Na ce ni ne, Baba. Bai maimaita karin maganar tasa ba, ya dai yi murmushi, ni na ƙarasa ta a zuciyata. Shekaru bayan haka, lokacin da ɗana na biyu ya fara taya ni gwajin ruwa, na ji kaina ina faɗa masa ita da irin muryar Baba ranar da muka ga gansakuka ta yi yawa, muka bi sawu muka gano matatar ruwanmu ce ta tsufa. Amma wannan labarin gaba ne.

Mako biyar amoniya da nitirayit suka ɗauka kafin su sauka su tsaya a sifili. A tsakanin nan ne wata ƙura mai launin ƙasa ta rufe gilashi da duwatsu, abin da yake faruwa a kusan kowane sabon tanki kuma yake wucewa da kansa, kuma a tsakanin nan ne aka ɗauke wuta da tsakar dare, bututun da ke kai ruwa sama ya juya yana zuƙo shi ƙasa har tankin ƙasa ya cika ya malale a daɓe. Ɗan rami guda da ake hudawa a jikin bututun, dab da ƙarƙashin fuskar ruwa, shi ne yake shigar da iska ya katse zuƙar. Na huda shi da asuba, ƙafafuna a cikin ruwa.

Bara kuwa ya zauna shi kaɗai wata uku, sannan na kawo masa wani ɗan ƙarami irinsa. Wannan jinsi na kifi yana da wata halitta ta ban mamaki: dukkansu ba a mata suke farawa ba, wanda ya fi girma da ƙarfi a cikin rukuni shi ne yake rikiɗa ya zama mace, kuma idan macen ta mutu, namijin da ke bi mata sai ya girma ya maye gurbinta. Haka ta faru a gabanmu. Bara ya yi ƙiba, ya soma korar baƙon daga kusurwa zuwa kusurwa, shi kuma ƙaramin yana karkarwa a gabansa alamar ya miƙa wuya, har muka rasa sunan da za mu kira shi, uwargida ta ce a mayar masa da sunan marigayiyar. Da na ba Yaya wannan labari ya ce yanzu kuma na koma tatsuniya. Ranar da suka yi ƙwai a jikin dutse, 'yan mitsi-mitsi masu launin ruwan goro, na aika masa da hoto, bai amsa ba, kuma a haɗuwar dangi ta gaba na ji shi da kunnena yana gaya wa Kawu cewa kifin teku ba ya zama a ɗaki.

Ina jin wannan maganar ce ta sa, a watan da ya biyo, na shigo da wani kifi rawaya ɗan asalin tekun Hawai, na sake shi kai tsaye a cikin babban tankin ba tare da na killace shi a wani wuri na daban ba, duk da cewa tsohon tankin lita 60 yana ajiye a bayan ƙofa babu komai a ciki. A kwana na shida na ga fararen ɗigo kamar ƙwayar gishiri a jikin fiffikensa. Yadda na kwashe kifaye duka, na bar tankin kwana 76 babu kifi ko ɗaya, shi ne zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.