Kwana saba'in da uku muna jin "ana bincike"

Ɗan Yayata gyaran waya yake yi a wata 'yar rumfa a wajen PZ, a Sabon Garin Zariya. Tebur ɗaya gare shi, da akwatin gilashi cike da wayoyin da masu su ba su dawo karɓa ba, da fitilar da yake kunnawa ko da rana tsaka idan zai yi aiki a kan abin da bai fi ƙwayar gero ba. Wata Talata bayan la'asar mota ta tsaya, mutum uku cikin kayan gida suka sauko, suka kira sunansa ya amsa. Suka ce ya zo ya amsa 'yan tambayoyi, yanzu zai dawo. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ne ya rufe masa rumfar, shi ne kuma ya kira ni.

Sai da muka yi sati uku kafin mu san hannun da yake. Duk ofishin da muka leƙa, amsar ɗaya ce: "Ba ya wurinmu." Yaya kuwa kullum sai ta dafa abinci ta zuba a kula, mu je Kwangila mu hau motar Kaduna, mu dawo da kular yadda muka tafi da ita. Na ce mata, "Yaya, ki bar wahalar girkin nan har mu san inda yake." Ta ce, "In muka same shi yau fa, ya tarar ban zo masa da komai ba?" Ban sake yi mata maganar ba.

Da muka ji dalili, ga shi: an ga lambarsa a wayar wani da aka kama bisa zargin kai wa 'yan bindiga kaya cikin daji. Mai gyaran waya kuwa, lambarsa a rubuce take ɓaro-ɓaro a allon rumfarsa, tana cikin wayar duk wanda ya taɓa fasa gilashi a Sabon Gari.

Wani lauya, abokin karatuna tun firamare, shi ya zaunar da ni ya warware mini abin. Ni a sanina, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Na ce masa, "Barista, kotu nawa ce tsakanin nan da Kaduna?" Ya ce wannan gaskiya ne, amma da zarar an rubuta kalmar ta'addanci a kan fayil, wata ƙofa ce daban ake bi. Dokar yaƙi da ta'addanci ta farko an yi ta a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu a kan sabuwa. A ƙarƙashinta hukuma za ta je kotu ita kaɗai, babu wanda ake zargi, babu lauyansa, ta nemi izinin tsare shi har kwana 60. In sun ƙare, ana iya sabuntawa. A gyaran 2013 ma kwana 90 ne. Wato alƙali zai ji bakin mai kamu, bai ga fuskar kamamme ba, ya sa hannu. Tun ina yaro nake jin dattawa na cewa ba a yi wa mutum aski a bayansa, sai ga shi a rubuce a doka.

Kada wani ya ɗauka ban san zafin ta'addanci ba. A garin nan nake a watan Yunin 2012 lokacin da bama-bamai suka tashi a majami'u a Wusasa da Sabon Gari. Ina nan a watan Yulin 2015 da bom ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, cikin ma'aikatan da suka yi layin tantancewa, mutane fiye da 20 suka rasu. Na tuna daren 2021 da aka shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli aka kwashi ɗalibai da malamai. A shekarar ce aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, aka hana hawa babur, aka hana sayar da fetur a jarka, muka haƙura, don mun san abin da ake gudu. Da aka ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a farkon 2022, ni da kaina na ce an ma makara. Ina son a kama su. Ina son a hukunta mai kai musu burodi da mai kai musu labari.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda kalmar ke miƙewa kamar roba. An yi dokar ne ana nuna mana mai ɗaure da bom. A 2019 da ita aka samu izinin tsare ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore kwana 45 saboda ya kira zanga-zanga. A Yulin shekarar kotu a Abuja ta haramta Harkar Musulunci ta Sheikh Zakzaky, nan ma ɓangare ɗaya ta saurara. Ra'ayina da nasu ba ɗaya ba ne, amma mutumin Zariya ba zai manta Disambar 2015 ba, lokacin da sojoji suka yi arangama da mabiyan malamin, suka kama shi. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya ce mutum fiye da 340 aka kashe. Kotun tarayya ta ce a saki malamin a Disambar 2016, ba a sake shi ba sai a Yulin 2021, bayan wata kotun ta wanke shi. Sai kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, inda aka nemi kwana 60 ɗin nan a kan masu zanga-zanga. Duk mun ga hotunan yaran da aka kai kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, ƙashin haƙarƙari a waje, wasu suna yanke jiki suna faɗuwa, da yawansu 'yan Kano da Kaduna. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wanda ba a ɗauki hotonsa ba fa?

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin Doka ta 2 ta 1984, wadda soja ke tsare mutum da ita babu shari'a. A wancan lokacin kowa ya san sunanta dokar soja. Ta yanzu majalisar da muka zaɓa ce ta yi ta, shi ya sa mutane ke jin nauyin ɗaga murya. Ko a Amurka haka aka yi: bayan harin ta'addanci na 11 ga Satumbar 2001 aka yi gaggawar ba hukumomi iko, sai a 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirinsu aiki, ya fallasa cewa ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zarge su da komai ba.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Bayan kama yaron nan, mai cajar da ke gefensa ya gaya mini wani baƙo ya zo masa da wayoyi goma sha wani abu a leda, duk ƙura, yana son a yi musu caji kafin magariba. Na ce ya faɗa wa hukuma? Ya dube ni ya ce, "Malam, in je in ce me? A tambaye ni ina na san shi?" Irin wannan labarin ne fa ake buƙata don a kama na daji, kuma a bakin talaka yake. An tsorata shi ya haɗiye.

Ba wani abu mai wuya nake roƙo ba. Kafin a sabunta kwanakin, a kawo mutum gaban alƙali ya buɗe baki. A gaya wa iyayensa inda yake a ranar da aka kama shi. A bar lauya ya gan shi. Sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, amma Barista ya ce mini tunda da takardar kotu aka riƙe yaron, samun wannan zai yi wuya.

Ranar kwana na saba'in da uku aka kira ni in zo in tsaya masa. Babu tuhuma, babu takarda, sai "ku je, in an neme shi ya zo." Ya rame, kansa duk ƙuraje. A mota bai ce uffan ba har muka wuce Jaji, sannan ya ce, "Kawu, wayoyin mutane fa?" Wayoyi tara aka kwashe tare da shi a matsayin shaida, har yau ba a dawo da su ba, yana biyan masu su kaɗan-kaɗan. Makon jiya na bi ta rumfar na tarar da shi a kan benci da gwangwanin fenti, yana shafe lambarsa daga jikin allon.