Riga ta yamutse a Anka

"Riga ta yamutse a Anka, misali (4)."

Wannan da kuke gani tambaya ce, ba labari ba. Amsarta kalma ɗaya ce mai haruffa huɗu, abin da lambar cikin baka biyu ke nufi ke nan. Duk wanda na nuna wa ita, hankalinsa kan tafi ga wata babbar riga da aka cusa cikin jaka, aka danne ta da buhu a bayan mota, kafin a isa Anka duk ta cukurkuɗe. To, can ɗin aka so hankalin nasa ya tafi. Babu wata riga, babu wata tafiya. Haruffan R, I, G, A ne aka ce sun yamutse, wato a sake jera su. In an sake, sukan ba da gira, su ba da ragi, su ba da gari. Wanne ake nema? Sauran jimlar ta faɗa: Anka, misali. Anka kuwa gari ce. Amsa GARI.

Ni malamin sakandare ne a nan Gusau, kuma na daɗe da kamuwa da wannan wasa na cike gurbi da Turawa ke kira crossword, inda ake rubuta amsoshi harafi-harafi a gidajen allo, wasu a tsaye wasu a kwance suna gitta juna, irin na jaridun Ingila. Ba wanda aka saba gani ba, da za a ce maka "babban birnin Kebbi" ka rubuta ka wuce. Wannan kowace tambayarsa harshen damo gare ta. Jaridar Guardian ta Ingila tana sa nata kyauta a intanet, nan nake yi a waya in na idar da sallar isha'i. Da na ga abokan hirata na majalisa sun fara yi mini kallon wanda aljanu suka taɓa, ina zaune ina murmushi ni kaɗai, sai na ce bari in ƙulla musu irinsu da Hausa su ɗanɗana.

Asalin wasan daga Amurka ne. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool, Arthur Wynne, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma tambayoyinsa kai tsaye suke. Turawan Ingila ne suka karɓa suka murɗe shi. Edward Powys Mathers ya soma ƙulla nasa a jaridar Observer a 1926 da laƙabin Torquemada, sunan wani alƙalin coci na ƙasar Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen gana wa mutane azaba. Daga laƙabin ma kun san abin da ya yi niyyar yi wa masu karatu. Da ya rasu a 1939 sai Derrick Macnutt ya gaje shi, shi ma ya ɗauki sunan wani alƙalin irin wancan, Ximenes. Shi ne ya zauna ya tsara wa wasan ƙa'idoji, ya fitar da su a littafi a 1966. Kafin shi akwai A. F. Ritchie, wanda ya haɗa haruffan sunansa ya kira kansa Afrit, Ifiritun nan dai da muka sani a labaran aljanu. Ƙa'idarsa ita ce ginshiƙi har yau: mai tambaya yana da damar ya karkatar da tunaninka yadda ya so, amma wajibi ne abin da yake nufi ya kasance yana nan a rubuce cikin kalmominsa.

Wannan ƙa'idar ce ta raba wasan da kacici-kacicinmu, kuma ita ce ta riƙe ni. In kaka ta ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", amsa tsintsiya ce don haka aka gada. Yaron da ya ce damin gero bai faɗi abin banza ba, amma ya faɗi, sai ya ba da gari a faɗa masa. Hukunci na hannun mai tambaya. A nan kuwa kowace tambaya tana zuwa da shaidu biyu. Na farko ma'anar kalmar kai tsaye, kuma kusan kullum a farkon jimla take ko a ƙarshenta. Na biyu dabarar da za ta gina maka kalmar harafi bayan harafi. In bakin shaidun nan ya zo ɗaya, ba ka bukatar kowa ya ce maka ka ci. Jonathan Crowther, wanda ya gaji Macnutt a 1972, ya taƙaita abin da cewa tambaya mai kyau abu uku gare ta: ma'ana sahihiya, dabara mai adalci, na uku kuma babu wani abu bayan waɗannan. Laƙabinsa Azed, in ka karanto shi daga baya sai ya zama Deza, wani alƙalin Sifen ɗin ne kuma.

Karantowa daga baya ita ce dabarar da na ɗauka Hausa za ta ƙi, don kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, in ka juya su sai su fara da wasali su ƙare da baƙi. Amma ga wannan:

"Abu ya dawo wurin mahaifi (3)."

Sunan yaro ne, ka ce ya je yawo ya komo gida. A juyo da ABU, sai ga UBA. "Ya dawo" shi ne umarnin, "mahaifi" ita ce ma'anar. Malamin lissafin makarantarmu ya ɗauke ta cikin ƙiftawa da bismilla, ya ce wannan ai ta 'yan firamare ce. Sai na miƙa masa wata:

"Yini a cikin Ƙaura Namoda (4)."

Ya yi shiru. Ya lissafo Poli, ya lissafo tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya ce ko kasuwa ake nufi, haruffa suka yi yawa. Har shayinsa ya huce. Abin kuwa yana gabansa a rubuce: ƙauRA NAmoda. RANA tana kwance a tsakanin kalmomin biyu, yini kuma rana ne. Irin wannan ita ce mafi sauƙi a duk wasan, kuma ita ta fi kayar da masu ilimi, don su ma'ana suke karantawa, idonsu ba ya tsayawa kan haruffa.

A nan rigima ta tashi. Akwai wani dattijo a majalisarmu, tsohon magatakardan kotu, mutumin Ƙaura ne. Ya gyara zama ya ce, "Malam, wanga tambaya taka ba ta tsaya ba. Mu Ƙauran Namoda muka sani, Ƙaura na Namoda. In ka sa nunin nan, ina ranarka ta tahi?" Na ce, "Baba Alhaji, ai haka aka rubuta a allon bakin hanya da takardun gwamnati." Ya ce takardun gwamnati ba su ne Hausa ba. Gaskiyarsa a nan ba ta ɓuya, in aka ƙara harafin sai abin ya koma "ranna", tambaya ta rushe. Na tsaya a kan rubutun allo, shi ya tsaya a kan bakin mutanen garin, har aka tashi. Amma ni abin da ya faranta mini rai shi ne irin gardamar. Bai ce amsar ba ta yi masa daɗi ba. Harafi ya kama. Wanda ya kai ga kama harafi ya riga ya shiga wasan.

Inda Hausa ta fi ƙarfi shi ne tambaya mai ma'ana biyu. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka kalmomin da kunne ke rabawa, a takarda kamarsu ɗaya. Wuya na jiki da wuyar rayuwa, fari na launi da farin da ke kashe shuka, garin da ake zama da garin tuwo. Masu koyon harshe suna kuka da wannan, mai ƙulla tambaya kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa.

"Ana kwana a kansa, ana shari'a a kansa (4)."

Baba Alhaji bai bari na rufe baki ba ya ce GADO. Ya ce rabin shekarun aikinsa a kan na biyun suka ƙare. Daga gadon kuma ana iya fitar da wata: "Gado ba kai, kwalliya ce (3)." A cire harafin farko, wanda shi ne kan kalmar, saura ADO.

Wadda na fi alfahari da ita doguwa ce:

"Mance ya haɗiye kawaici a gidan ilimi (9)."

Mataki biyu gare ta. Sai ka fara nemo 'yan'uwan kalmomin: mance shi ne manta, kawaici shi ne kara. Sannan "haɗiye" ta gaya maka ɗaya ta shige cikin ɗaya. Buɗe MANTA bayan MA, ka zuba KARA, ka rufe da NTA. MA-KARA-NTA. Ranar da na hango manta a jikin makaranta ina tsakiyar gyaran takardun jarrabawa ne, kuma abin da ke cikin takardun bai ƙaryata ni ba. Jimlar ba ta kai ta rigar Anka santsi ba, don ba wanda zai faɗe ta a hira, kuma a wurin gwanaye santsin jimla shi ne rabin daraja. Amma kowace kalma a cikinta tana da aikin yi.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina masu sha'awa shi ne kada su yarda da labarin da jimla ke bayarwa. Su raba ta biyu, su tambayi kansu ma'ana tana gaba ko tana baya. Su nemi kalmar umarni: yamutse, rikice, dagule, wargaje duk sake jeri suke nufi; dawo, juyo, koma baya na juyawa ne; a cikin, ɓoye, tsakanin na laɓewa ne. Sannan su ƙirga haruffa, don in an ce (4) kuma ga kalma mai haruffa huɗu kusa da "rikice", an gama rabin aiki. Doka ta ƙarshe ita ce ba na karɓar amsa tsirara. Yarinya ɗaya ta canki UBA daga "mahaifi" kawai. Na ce to ina aikin Abu, ina aikin dawowa? Ta yi tsuru. Can sai ta dafe baki ta ce, "Kai, Malam!" Wannan "kai" ɗin nake nema, ba amsar ba. Canka kowa na iya yi, musamman in haruffan da suka gitta sun riga sun bayyana.

Gittawar nan ma matsala ce ta daban. Allon Ingila yawanci gida 15 ne a tsaye, 15 a kwance, kuma kusan rabin haruffan kowace kalma ne kawai suke haɗuwa da wata kalmar. A Hausa baƙi da wasali bi da bi suke zuwa. In ba ka yi hattara ba sai duk mahaɗun su faɗa kan wasula, mai warwarewa ya tashi da gurbi, A, gurbi, A. Kaza ce, ko rana, ko mata, ko yara, ko tasa, ko gada? Bai samu taimakon komai ba. Dole mai zana allo ya tura mahaɗu kan baƙaƙe.

Sai maganar haruffa masu lanƙwasa. Ni a wurina ƙ daban, k daban, ba sassauci. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kuma wanda ya haɗa su a gida ɗaya ya cuci mai warwarewa. Sh da ts kuma fa, gida ɗaya ko biyu? Mutanen Wales suna sa tagwayen haruffansu irin ll da dd a gida ɗaya, mutanen Holan ma sukan yi haka da ij. Na fi karkata ga gida biyu, don in aka buɗe wannan ƙofa sai ky da gw da ƙw su ma su zo neman nasu, ƙirga ta rikice.

Mafi zafi a nan yankinmu shi ne karin harshe. Dubi wannan:

"Rafi ya rikice da rashin ruwan sama (4)."

RAFI ya rikice ya zama FARI, jimla sumul, ma'ana daidai. Amma da na karanta wa uwargida, wadda 'yar Gummi ce, sai ta ce ita rahi ta sani da hwari. A bakinta ɗaya haruffa huɗu ne, ɗaya biyar, ba yadda za a yi wannan ya rikiɗe ya koma wancan. Haka kihi da kifi, hwara da fara. Daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a aji ta fi jingina ga karin Kano, mu kuma daga Zamfara zuwa Sakkwato da Kebbi bakinmu daban. Abin da na yanke shi ne amsoshi su bi rubutun littafin makaranta, don mutumin Argungu da na Haɗeja su iya zama kan allo ɗaya. In kuwa ina son kalmar gida, sai in yi gargaɗi a cikin tambayar, in ce "in ji Bazamfare" ko "a bakin Bakabe". Uwargida ba ta gamsu ba, ta ce me zai hana Bakano ne za a riƙa yi wa gargaɗin.

Ga biyu da ban warware wa kowa ba tukuna, kuma duka dabarunsu sun riga sun wuce a sama:

"An yanke kan kaza: ɗora (3)."

"Abin da maƙeran dauri ke narkawa a cikin Talata Mafara (4)."

Ta biyun akwai tarko. Akwai wata kalma mai haruffa huɗu da ido ke fara cafkewa a ƙarshen sunan garin, amma ita soya ta ake yi da yaji, ba a kai ta maƙera.