Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baban yara

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. An sallamo mu, shi da Auta ƙanwarsa da ta ba shi ƙoda duk suna gida, kuma tun da aka fito daga tiyata ba a sake ɗora shi a na'urar wankin ƙoda ba. Na san yawancinku kun bi komai tun daga lokacin da ƙafafunsa da fuskarsa suka fara kumbura har ranar dashen ƙodar, don haka ba sai na jero muku ba, gaskiya ma ba ni da ƙarfin jerowa, jikina duk a mace yake. Saƙonnin da ban amsa ba da kiran da ban ɗauka ba don Allah a yafe min, wallahi hannu ne ya yi min kaɗan.

Likitocin sashen ƙoda da masu tiyata da nas-nas da masu ɗakin gwaji har da masu shara, Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuri'a. Amma akwai wata Sista guda ɗaya da ta ce kar in kuskura in ambace ta, sunan na bari, labarin kam ba zan iya haɗiyewa ba.

Wanda bai yi jinyar mai ciwon ƙoda ba ba zai san tsoron ƙarshen mako ba. Wankin sau 3 ake yi a sati, awa 4 kowane zama, to dole akwai tazara mai tsawo ta kwana 2 da babu wanki, kuma mutumin da ƙodarsa ta tsaya duk ruwan da ya sha yana nan a jikinsa ba ta inda zai fita. A irin wannan daren ne numfashinsa ya sarƙe, ya kasa kwanciya sai a zaune, yana ja da ƙyar gumi na zubo masa, ruwa ya taru a huhu. Aka ɗebi jini fotasiyam ya wuce 6 da rabi, likitan da ke aiki ya ce min wannan sinadarin in ya yi yawa zuciya yake tsayarwa ba sallama, dole a yi wanki yanzu yanzu. Ɗakin wankin kuma an rufe. Ita Sistar ta gama aikinta, ta sauya kaya, jakarta a kafaɗa za ta fita, ta tsaya ta dube shi ta dube ni, ba ta ce komai ba ta ajiye jakar ta koma ta kunna na'ura. Ni kuwa ina rakuɓe jikin bango ina karkarwa har bakina ya kasa addu'a sai Innalillahi kawai nake maimaitawa. Kafin ta soka allurar ta kamo hannuna ta ɗora a kan fistular da aka yi masa a hannu, wato inda aka haɗa jijiyoyin jini biyu don wanki, ta ce, "Anti kin ji wannan zirrr ɗin? Muddin kina jin sa hanya a buɗe take, in sha Allahu za mu cire ruwan." Ta zauna da mu har aka gama, numfashinsa ya dawo daidai, bacci ya ɗauke shi, sai wajen asuba ta tafi gida. Sista, Allah Ya tsaya miki ranar da ba mai tsayawa wani, Ya jiƙan mahaifanki.

Sai ke Auta. Na san za ki ji haushi na sa ki a nan, ki yi haƙuri ƙanwata. Kin je an gwada rukunin jininki ba tare da kin faɗa wa kowa ba, sai da aka yi gwajin haɗa jininki da na Yayanki aka ga jikinsa ba zai ƙi ƙodar ba sannan muka ji. Likitoci sun keɓe ki ke kaɗai sun tambaye ki ko wani ne ya matsa miki, sun ce kina iya fasawa har ranar aikin ba wanda zai ji dalili, kika ce a ci gaba. Ban san da bakin da zan gode miki ba, yaran nan ke kika dawo musu da uba da izinin Allah. Mijinki ma da bai taɓa nuna ko a fuska ba, ya riƙe yara ya yi ta zirga-zirga, Allah Ya ƙara masa buɗi.

Hajiya ce ta fi ba ni tausayi, 'ya'yanta biyu a ɗakin tiyata rana ɗaya. Babban likitan ya zaunar da ita ya yi mata bayani a hankali, ya ce ƙoda ɗaya lafiyayya tana isar mutum, wadda ta rage girma take ƙarawa ta ɗauki kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun ke yi, har ya ba ta labarin dashen farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka a 1954 tsakanin tagwaye, wanda ya bayar ɗin ya ƙara shekara 56 a duniya. Ta ce duk ta ji, amma a bar ta da carbinta. Ba a cire masa tsofaffin ƙodojin ba, sabuwar a ƙasan ciki aka saka ta gefen mara, kuma da aka kira mu muka hango ledar fitsari a gefen gado tana cika ana juyewa, mutumin da ya daɗe ba ya yi sai ɗigo-ɗigo, ni da Hajiya muka rungume juna muna kuka.

Kawu da ya ba da jini, Goggo da ta kwana da yara, Yaya Babba da bai taɓa barin mu mu nemi mota ba, abokan aikinsa, maƙwabta, da waɗanda suka turo taimako ba su ma san fuskarmu ba, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya kare ku daga kwanciyar asibiti, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Akwai kuma na jiki sosai waɗanda tun ranar da aka ambaci gwajin jini wayarsu ta daina shiga. Ba wanda aka ce dole ya ba da ƙoda, ko kusa, abu ne na ganin dama, amma ya jiki ma ai a waya ake yin ta, kuma shi yana tambayarku. Na bar shi a nan.

Masu son zuwa dubiya don Allah ku ɗan dakata. Magungunan da yake sha don kar jiki ya ƙi ƙodar, irin su tacrolimus duk bayan awa 12, garkuwar jiki suke ragewa kuma shan su har ƙarshen rayuwa ne, murar da ba ta dame ku ba shi tana iya kwantar da shi. Mai tari ko zazzaɓi ya yi mana addu'a daga gida, wanda ya zo ya sa takunkumi ya wanke hannu. Kar a kawo musu, shi da Auta, kowane irin jiƙo ko magani, ko na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen likita ya hana su duka biyun saboda ƙoda suke wahalarwa. Nasa hawan jini ne ya cinye ƙodar shiru ba ciwo, don haka masu hawan jini da ciwon suga ina roƙonku ku je a duba muku fitsari da kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, ko kuna jin ƙalau.

Asusun taimakon an rufe shi, kar a sake turo komai. Mai niyya ya kai wa waɗanda muka baro a ɗakin wanki, suna da yawa, wasu ba su da mai ba su ƙoda wasu ko wankin sati ba sa iya cikawa. Allah Ya ba su lafiya, Ya kawo musu mafita yadda Ya kawo mana, waɗanda suka rasu muna tare Allah Ya jiƙan su da rahama. Amin.